Wata Uku a Makarantar Nutso, Kwana Shida Na Riƙe Baget

Tun ranar da na sa hotona a Facebook sanye da kwalkwalin nan mai ruwan ɗorawa, wayata ba ta huta ba. Samarin Hausare da Yelwa, har da wasu daga Marwa da Kusuri da Injamena, tambayarsu ɗaya ce: ina ake koyon waldar ƙarƙashin ruwa, nawa ne, kuma da gaske ne ana kwasar kuɗi da shebur? Na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya, shi ne na ce bari in zauna in rubuta yadda makarantar da na je take, abin da na biya da abin da aka ba ni. Sunanta ba zan kama ba, don akwai inda zan yaba akwai inda zan kushe. Ku dai san cewa tana Afirka ta Kudu, a lardin Kef ta Yamma, ɓangaren da ruwan teku ke da sanyin tsiya.

Ni mai walda ne tun kafin in san akwai wani abu wai shi nutso na sana'a. A garejin maigidana a nan Garwa na tashi, muna haɗa ƙofofi da tagogi, muna ɗinke tirelolin auduga idan kaka ta yi. Na yi makarantar fasaha na samu CAP, takardar shaidar ƙwarewa a sana'a. Iyo kuwa kogin Binuwai ne ya koya mini, a ƙasan gada, inda manya ke korar mu saboda dorina. A 2018, shekarar da tashar jiragen ruwa ta Kiribi ta fara aiki, na samu kwangilar waldar bututu ta 'yan watanni a can. Wata safiya na ga mutum ya fito daga ruwa a gefen gadar tashar, an cire masa kwalkwali, an miƙa masa shayi, kowa na ba shi hanya kamar hakimi. Na tambayi wani abokin aikina ɗan Duwala, ya ce ai wannan ƙarfe yake ɗinkewa a ƙasan ruwa. Na ce a raina, walda na iya, iyo na iya, to me ya rage? Ashe da sauran rina a kaba.

Shekara uku na yi ina tari da bincike. Da yake yawancinmu a nan Faransanci muka yi a boko, Faransa na fara dubawa. Tsarinsu a bayyane yake: takardar aiki a cikin matsin ruwa ko na iska ana ce mata CAH, kuma mai aikin gini da ƙarfe a ruwa rukunin A yake nema. Aji na ɗaya ya tsaya a mita 30, na biyu a mita 50, na uku shi ne abin da ya zarce haka. Akwai makarantar masu nutso a garin Fréjus da ke kudancinsu. Amma da na buga lissafi, yuro ɗaya sefa 655 da 'yan kai, ga kuɗin zama, ga wahalar biza, sai na ji kaina ya yi zafi. Amurka tana da tsofaffin makarantu a Siyatil da Hustan, Nowe ma tana da tata kusa da Oslo, amma waɗannan na ɗan mai garejin Garwa ne kawai a mafarki. A Sikotilan akwai wata babba a Fort William da mutane suka daɗe suna yabo, ita kuma ta rufe a 2018. Sai Afirka ta Kudu ta rage, kuma abin da ya ja ni can shi ne takardarsu ta aji na biyu tana cikin waɗanda ƙungiyar IMCA ta yarda da su. IMCA ita ce ƙungiyar kamfanonin kwangilar teku, kuma duk kamfanin da ke aiki a rijiyoyin mai na Riyo del Rey ko gaɓar Kiribi, jerinta yake dubawa kafin ya ɗauki mai nutso.

Ku riƙe wannan da kyau, don a nan ake cutar mutane. Takardar PADI da ake bayarwa a bakin teku ta yawon buɗe ido ce, ta kallon kifi, ba ta aiki ba. Wanda kuma ya ce zai koya maka waldar ruwa ta intanet ka turo masa jaka hamsin ta waya, ka yi masa addu'ar shiriya ka wuce. Kowace makaranta ce, a ko'ina take, tambaya ta farko ita ce: wace hukumar gwamnati ke sa hannu a takardarku, kuma tana cikin jerin IMCA? Jerin a fili yake, kowa na iya dubawa.

Maganar kuɗi. Kuɗin makaranta kaɗai, daga aji na huɗu zuwa na biyu, ya ci mini kusan miliyan huɗu da rabi na sefa. Da jirgi daga Duwala ta Adis Ababa, da biza a Yawunde, da gwajin likita, da ɗaki da abinci, na doshi miliyan bakwai. Na kwashi adashi, na sayar da babur, Baffa ya sayar da bijimai biyu a kasuwar Adumri ya ba ni aro. Ranar da ya miƙo mini kuɗin ya ce, "Ɗan nan, ni dai ban taɓa jin inda wuta da ruwa suka zauna lafiya ba, amma tunda ka nace, Allah ya sa a dace." Na durƙusa na ce amin, Baffa. Inna kuwa ba ta yi mini magana ba har kwana biyu. Da ta buɗe baki cewa ta yi, mutanen ruwa ba sa son a kai musu wuta gida. Ta ɗaura mini laya a damtse, na hau jirgin ƙasan dare daga Gaundare da ita.

Na sauka a watan Fabrairun 2022. Abu na farko da ya ba ni mamaki, babu wanda ya tambaye ni ko na iya walda. Likita aka tura ni wurinsa, likita na musamman mai izinin duba masu nutso: hoton ƙirji, busa cikin na'ura a auna huhu, zuciya, kunne, ido, har haƙori. Wani yaro ɗan Angola da muka zo tare, a nan tafiyarsa ta ƙare saboda an ga alamar asma. Makarantar ta mayar masa da wani kaso, amma kuɗin jirginsa ya tafi. Laifinsu a nan shi ne, da sun matsa wa baƙi su yi cikakken gwajin huhu tun a gida kafin su taso, da ba a yi wannan asarar ba. A takardar da suka turo mini layi ɗaya ne kawai a kan lafiya.

Mu goma sha biyu ne a ajin. Tsarin ƙasar daga ƙasa ake hawa. Aji na huɗu nutso ne da tulun iska a baya, zuwa mita 30. Aji na uku shi ma mita 30 ne, amma da iskar da ake turo maka daga sama ta tiyo. Aji na biyu ya kai mita 50, da ɗakin matsi (rufaffen ɗakin ƙarfe da ake danna wa iska ya yi daidai da matsin ƙasan ruwa) da kayan aikin teku. Aji na ɗaya na manya ne, waɗanda ke zama makonni a cikin ɗakin matsi suna shaƙar hiliyom da oksijin, ana sauke su zuwa wurin aiki cikin wani ɗan ɗakin ƙarfe da ake kira ƙararrawa. Wannan sai bayan shekaru da cika littafin da ake rubuta kowane nutso ake zancensa.

Makon farko na raina kaina. Iyon Binuwai da nake taƙama da shi bai hana ni shan ruwan gishiri ba. Ruwan wannan gaɓa igiyar Benguwela ce ke kawo shi daga kudu, kuma akwai safiyar da aka auna aka ce digiri 12. Ni da na baro garin da a watan Maris zafi ke haura 40! Yatsuna suka ƙi lanƙwasuwa, haƙorana na kaɗawa kamar kalangu. Ga gashin baki yana sa ruwa shiga tabarau, dole na rage shi. Gemu dai na tsira da shi, don da muka koma kwalkwali a wuya yake kamawa ba a fuska ba.

Sai karatu. Wanda ya ɗauka zai guje wa lissafi ta hanyar shiga ruwa, ya sake shawara. Kowace mita goma da ka nutsa, matsi daidai da na iskar da ke kanmu a tudu ya ƙaru a kanka. A mita goma matsin ya ninka na tudu, a mita hamsin ya zama shida. Iskar da muke shaƙa kusan kashi huɗu cikin biyar naitirojin ce, kuma a ƙarƙashin matsi tana narkewa cikin jini da tsoka. Idan ka taso da gaggawa sai ta yi kumfa a jikinka, daidai da yadda kwalbar lemo ke yi in an girgiza an buɗe. Kumfar nan in ta tsaya a gaɓa, ciwo ne mai sa kuka. In ta tsaya a laka, shanyewar jiki ce. Shi ya sa ake da jadawalin tasowa, mu na sojojin ruwan Amurka muka yi amfani da shi: mita tara a minti ɗaya, da tsayawa a zurfi kaza na minti kaza. Duk da Ingilishi ake wannan, kuma Ingilishina na kasuwar Mubi ne. Na sha wuya. Malamin aji ba ya jira, ba shi da ruwa da wanda bai gane ba, ga saurin baki. Wani ɗan Kongo ne ya cece ni, kullum da dare yana maimaita mini darasin da Faransanci ina dafa mana shinkafa. Makarantar da ke tallar kanta ga 'yan Afirka ta Tsakiya ya kamata a ce tana da ko da takarda ɗaya da Faransanci. Babu.

Inda suka ci kuɗinsu halak malak shi ne wajen horo a ruwa, kuma a nan ba ni da abin cewa sai yabo. Mai kula da nutsonmu wani dattijo ne da ya yi shekaru a Tekun Arewa da gaɓar Najeriya, fuskarsa kamar an jiƙa fata an shanya. Bai taɓa barin kowa ya shiga ruwa ba sai an karanta jerin dubawa da ƙarfi, abu bayan abu, ko da sau goma aka shiga a rana. Kwalkwalin Kirby Morgan ne, ya haura kilo goma, a tudu kamar zai karya maka wuya, a ruwa kuma ka manta da shi. A jikinsa ake ɗaura abin da muke kira cibiya: tiyon iska, wayar magana, da ƙaramin tiyo mai auna zurfi, duk a murɗe wuri ɗaya. A bayanka akwai ƙaramin tulun ko-ta-kwana. A sama akwai mai riƙe maka cibiya, akwai kuma wani mai nutso a zaune cikin shiri, ba abin da yake jira sai a ce ka shiga uku.

Dattijon nan yana da wata ɗabi'a. Kana tsakiyar kwance noti a mita ashirin sai ya rufe maka iska ba sanarwa, ya zauna yana kallon agogo, ya ga daƙiƙa nawa za ka yi kafin ka buɗe tulun baya ka faɗa masa. Ranar farko na ruɗe na fara fizgar cibiya zan yi sama. Da na fito bai yi mini tsawa ba. Ya ce in zauna in gaya masa abin da zai faɗa wa mahaifiyata. Daga ranar hannuna ya san hanyar famfon nan ko a barci. Sun kuma manna mana baƙin leda a gilashin kwalkwali muna haɗa bututu da lalube, don a wurin aiki na gaskiya, in ji shi, ido ado ne. Na tabbatar da haka daga baya a kogin Wuri.

Shi ne kuma ya ba mu labarin Harrison Okene, kukun jirgin nan ɗan Najeriya da jirginsu ya kife a 2013, ya yi kusan kwana uku a wani ɗan lungu mai iska a zurfin mita talatin, har masu nutso 'yan Afirka ta Kudu da suka je ɗebo gawawwaki suka ji hannu ya kama su. Darasin da ya ciro ba na mamaki ba ne. Ya ce mu lura, ba a fito da shi kai tsaye ba, sai da aka sa shi a ƙararrawa aka wuce da shi ɗakin matsi na kwanaki, don jininsa ya riga ya sha naitirojin. Da tausayi ya sa an yi sama da shi nan take, da ceton ne zai kashe shi. Mutumin daga baya shi ma ya zama mai nutso.

Ɗakin matsin makarantar na gaske ne, yana aiki, ba na ɗaukar hoto ba. An sa mu huɗu a ciki aka danna mu zuwa daidai mita hamsin. Wajen sauka zafi kamar an rufe ka a mota a kasuwar Garwa da azahar, kunne na toshewa kana ta haɗiyar yawu. A ƙasa murya ta koma ta agwagwa, ga mayen naitirojin da ke fara kama mutum tun daga wajen mita talatin. An ba ni lissafin da ɗan aji uku zai yi, na zauna ina dariya ina kallon fensir. Ni da ban taɓa kai giya baki ba, ranar na san yadda mashayi ke ji. Wajen tasowa kuma sanyi da hazo suka cika ɗakin.

To, yanzu ga abin da ya kawo ni, kuma ga inda raina ya ɓaci. A shafinsu hoton mai walda ne a gaba, tartsatsi na tashi a ruwa, da manyan baƙaƙe. A zahiri, cikin wata uku kwana shida aka ware wa wuta: biyu na yanka, huɗu na walda. Mu goma sha biyu, injin ɗaya, tanki ɗaya. Na ƙirga a littafina, duka lokacin da na yi da baget, wato sandar walda, a hannu a ƙarƙashin ruwa bai cika sa'a biyar ba. Da na je ofis na yi ƙorafi, matar da ke wurin ta nuna mini takardar da na sa wa hannu, inda aka rubuta "gabatarwa ga walda da yanka". Gaskiyarta. Ni ne na karanta hoto ban karanta rubutu ba. Ta ce akwai kwas na walda zalla na mako biyu, da kuɗinsa daban. Aljihuna a lokacin ko kuɗin burodi da ƙyar.

Duk da haka sa'o'in nan biyar sun koya mini abin da zan faɗa wa duk mai walda. Waldar ruwa iri biyu ce. Akwai busasshiya, inda ake kifa wani ɗaki a kan bututun, a kore ruwan da iska, mai walda ya yi aikinsa a bushe amma cikin matsi. Ita ake yi wa manyan bututun mai, kuma ita ce mai tsada. Akwai jiƙaƙƙiya, wadda kai da baget da ƙarfen duk kuna cikin ruwa tsamo-tsamo. Wani injiniyan Tarayyar Sobiyet, Konstantin Khrenov, shi ya fara nuna yiwuwarta a 1932. Ita muka taɓa.

Wutar da ake amfani da ita mai tafiya hanya ɗaya ce, DC, ba irin ta gidan wuta mai kai da komo ba, don waccan in ta kama mutum a ruwa ba ta saki. Baget ɗin an shafe shi da abin hana ruwa. A sama akwai makunni mai kama da wuƙa a hannun mutum guda, kuma wuta ba ta zuwa sai ka ɗora baget a kan ƙarfe ka ce a kunna, da ka gama ka ce a kashe kafin ka ɗaga hannu. Ba ka canza baget da wuta a kunne. Ba ka juya wa wayar ƙasa, wadda ake maƙala wa ƙarfen, baya, kada jikinka ya shiga tsakaninta da baget ya zama hanya. Safar roba biyu ake sawa, amma duk da haka akwai ranar da na ji tsirr a haƙorin da aka cike mini, bakina ya yi ɗanɗanon tsabar dala.

Da wuta ta kama, zafinta ke buɗe 'yar kumfar iska a bakin baget, cikin kumfar nan ƙarfe ke narkewa. Kumfa na tashi tana rufe maka gani, ba ka ganin narkakken ƙarfen yadda ka saba. Sai dai ka jingina baget a lungun haɗin, ka ɗan danna, ka bar shi ya ci kansa yana ja, kana saurare da hannu. Wannan wasa da hannu da muke yi a gareji, na lilo hagu da dama, a nan ba shi da wuri. Matsala ta biyu kowane ɗan maƙera ya san ta: ƙarfen da aka tsoma a ruwa da zafinsa tauri yake yi da gautsi. A nan kuwa ɗinkinka tun yana ja ruwa ke kashe shi. Ga haidirojin da wuta ke fasowa daga ruwan yana shiga cikin ɗinkin, ya bar ramuka kamar saƙar zuma, ko ya tsage bayan kwana biyu. Shi ya sa ake da ƙa'idar gwaji ta musamman, AWS D3.6, kuma kamfani mai hankali ba zai ba ka waldar da za ta ɗauki nauyi ba sai ka ci gwajinta. Takardar nutso daban, takardar walda daban.

Farantin da na fara fitowa da shi, da na buge kashin maƙeran da ke kai, kunya ta kama ni. Da yarona ne a gareji ya kawo mini haka, da ya sha rankwashi. Amma zuwa kwana na uku ɗinkina ya fara miƙewa, dattijon ya ɗaga shi ya nuna wa aji. Sauran goma sha ɗayan, tara a cikinsu ba su taɓa kunna injin walda ba a rayuwarsu, kuma sun tafi gida kamar yadda suka zo, sai dai hoto. Abin da ya raba ni da su shekarun garejin maigidana ne, ba kwana huɗun makaranta ba. Dattijon da kansa ya ce ya fi sauƙi a mayar da mai walda mai nutso a kan a mayar da mai nutso mai walda.

Yanka ya fi walda daɗi kuma ya fi ta haɗari. Sandar Broco ake amfani da ita, ana tura oksijin ta cikinta, bakinta na kai zafin da ya haura digiri 5,000, tana cin ƙarfe da kankare kamar wuƙa a cikin man shanu. Haɗarin shi ne iskar da ke taruwa a lungu a saman inda kake yanka. In ba ka huda mata hanyar fita ba, tartsatsi ɗaya ya isa ta fashe a fuskarka. Sun nanata wannan sosai, na ba su wannan. Haka nan sun tsorata mu, kuma daidai ne, a kan bambancin matsi a madatsun ruwa: ƙaramar kafa a jikin ƙofar dam tana iya zuƙe hannun mutum ta riƙe shi, babu ƙarfin da zai ciro shi. Da ake wannan darasi madatsar Lagdo na tuna, da injinanta huɗu masu jimillar megawat 72 da Sinawa suka gama a 1982, da yaran masunta da ke nutso kusa da bango ba tare da sanin abin da ke ƙasa ba.

Masauki kuwa a taƙaice: mu huɗu a ɗaki, na'urar ɗumama ɗaki ta lalace tun makon farko ba a gyara ba har muka tafi, kuma an caje mu kuɗin wankin kayan nutso da ba a ambata ba tun farko. Abinci ban sha wahala ba, lardin yana da Musulmi tun zamanin da, naman halal na samuwa, Juma'a ma an ba ni izini sau da yawa. Azumi ya same ni a can, a watan Afrilu. Likitan ya ce ƙarancin ruwa a jiki yana ƙara haɗarin ciwon kumfa, dattijon ya ce ba zai sa mai ƙishirwa a mita arba'in ba. Na kira Malam a Garwa na yi masa bayani, ya ce, "Kai matafiyi ne, ka sha ka rama in ka dawo." Na rama tara bayan Salla.

Alkawarin da suka yi na haɗa ɗalibai da kamfanoni, jerin adireshin imel ne aka ba mu a takarda ɗaya. Na aika wa sama da talatin, biyu suka amsa, su ma cewa suka yi in dawo in littafina ya yi kauri. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Aikin teku yana son ƙarin takardar BOSIET, wadda ake koya maka fita daga jirgi mai saukar ungulu in ya faɗa ruwa, ita ma da kuɗinta, ga gwajin likita da ake sabuntawa duk shekara. Na dawo Duwala na sauka wurin wani ɗan'uwa a Nubel, na yi wata huɗu ina waldar tudu kafin wani ƙaramin ɗan kwangila ya ɗauke ni, shi ma riƙon cibiya na fara yi. Aikin da na yi a ruwa tun daga nan, kashi mafi yawa kankare ƙasan jirgi ne, da yanke igiyar da ta naɗe farfela, da lalube cikin laka ana neman abin da ya faɗi. Waldar da ke zuwa jefi-jefi ita ce ta manna dunƙulen zinki a jikin jirgi ko ginshiƙin gada, wanda tsatsa ke ci a maimakon ƙarfen. Biya na rana ne. Ranar da aka shiga ruwa ta fi mako guda a gareji, amma akwai watan da ba a shiga ko sau ɗaya. Bashin Baffa sai bara na gama biya.

Da za a ce in ba makarantar maki cikin ashirin kamar yadda ake yi mana a lakkwal, nutso da tsaro sha takwas ne, walda shida, gaskiyar talla biyar. Zan tura ƙanena can? Zan tura, amma ba yanzu ba. Da ya dame ni a Sallar da ta wuce, na ce masa, "Kai, ƙane, ka je ka iya ɗinkin tsaye da na sama da kai da baget 7018 har a lanƙwasa farantinka bai tsage ba, ka samu takardar waldar bututu a Duwala ko Limbe, ka shiga ajin Ingilishi na dare, ka sa likita ya duba maka huhu. In ka gama ka zo mu yi lissafin shanu." Ya ce, "Yaya, ai wannan shekara uku ne." Na ce eh.

Makon jiya makarantar ta sake turo mini saƙo a kan kwas ɗin waldar nan na mako biyu, wai da rangwame ga tsofaffin ɗalibai. Na tambaye su injin nawa ne, ɗalibi nawa ne, sa'a nawa kowa zai yi da baget a ruwa, kuma wa zai sa hannu a sakamakon gwajin. Har yau ba su amsa ba. Ranar Litinin zan wuce Limbe, akwai dunƙulen zinki goma sha huɗu da ke jira a ƙasan wani kwale-kwalen dakon kaya. Layar Inna tana cikin jakar kayan aiki, tare da safar roba.